Hannun Anti

"Auta kam kada ta taɓa shi, ko murfin. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba."

Mama ce ta faɗa, ƙasa-ƙasa. Da yayarmu mace take magana, wadda muke ce wa Malama saboda koyarwa take yi. Ni ce Autar. Ina bakin ƙofa riƙe da kofin shayi, sai na ɗan dakata don kada su ga kamar laɓe nake. Malama ta ce ai ita ma shi ya sa ba ta sa hannu, tunda tana shayarwa. Daga nan suka koma hirar labule. Na shiga na ajiye shayin na fito.

A tsakar gida Anti, matar Yayanmu, tana tsugune gaban famfo tana wanke hannu. Yanzun nan ta gama shafa wa Mama abin da aka ce ko murfinsa kada in taɓa. Da tsurar hannunta ta shafa. Kuma ciki ne da ita, ɗan ƙarami, wanda aka yi shekaru ana jira.

A gidanmu ba a kiran sunan ciwon Mama. Ƙaiƙayin Mama ake cewa. Amma ciwon daji ne, irin wanda ke fitowa a fata. Faci-faci ne jajaye a bayanta da ƙugu da cinyoyi, suna ɓarewa, in ta tashi daga gado sai ka ga zanin gado kamar an barbaɗa gari. Ba ya kama wani, likita ya tabbatar. Maganin kuma ba allura ba ne, ba ƙarin ruwa ba. Wani mai ne a roba irin ta man goge baki, rubutun jikinsa da wani yare da ko a makaranta ba mu yi ba. A firij yake kwana, cikin mazubi mai murfi, nesa da abinci. Sau ɗaya a rana ake shafawa, kaɗan-kaɗan, bayan jiki ya bushe. Malama ta taɓa cewa irin maganin nan mai ƙarfi da ake ɗura wa masu ciwon daji a jijiya ne aka mayar da shi man shafawa. Tare da kwalin safar hannu aka kawo shi.

Wa zai shafa? Mama hannunta ba ya kai wa bayanta. Yaya namiji ne, ba zai ga jikin uwarsa ba. Malama tana gidan mijinta can wata unguwa. Ni kuwa yarinya ce, in ji su. Sai ya rage Anti.

Ranar farko Anti ta sa safar. Ina wurin, ni ke haska mata da fitilar waya, don ɗakin Mama ba haske sosai. Mama na kwance rub-da-ciki, zani a ƙugu. Robar na taɓa ta ta zabura kamar an ɗiga mata ruwan zafi. Ta juyo ta kalli hannun, ta kalli Anti, sai hawaye. Ta ce a asibiti an yi ta jujjuya ta da roba kamar mushe, yanzu a gidanta ma, a kan gadonta, sai an sa roba kafin a taɓa ta. In ƙyamarta ake a fito a faɗa.

"Ni na wanke kashin kowa a gidan nan da hannuna, ban sa leda ba."

Ta ja zani ta rufe jikinta, ta ce ta fasa maganin, ciwon ya cinye ta kowa ya huta.

Aka kira Yaya. Ya riga ya makara, makullin shagonsa na sayar da taya a hannu. Ya tsaya bakin ƙofa ya ba Mama haƙuri, sannan ya ja Anti baranda. Ban ji duka ba. Na dai ji ya ce uwa ce, kuma mara lafiya, ta daure ta cire, in ta gama ta wanke da sabulu sosai. Anti ta dawo ta zare safar, yatsa ɗaya-ɗaya. Kwalin ya hau saman sif ɗin Mama.

Bayan na ji maganar nan ta Mama da Malama a bakin ƙofa, sai na tsara wa kaina yadda abin yake. Ranar asibiti Malama ce ta shiga wurin likita da Mama, Yaya kai su kawai ya yi da mota. To su biyu suka sani, shi bai sani ba. Ta yaya ma zai sani? Mutumin da tun cikin bai fito ba ya sa wa ɗan suna Manaja, wai shi zai riƙe masa shago. Kullum da safe sai ya leƙa kicin ya ce, "Ya Manaja ya kwana?" Har bahon wankan jarirai ya sayo ya ɓoye a bayan tayoyi, don kada Mama ta ce ya cika zumuɗi. Ni kuma yana ce mini rediyon da ba batir, saboda rashin maganata. Ban taɓa jin haushi ba, don shi kaɗai ne a gidan in na buɗe baki yake jira har in ƙarasa.

Hannun Anti da ja ya fara, tsakanin yatsu. Tana ɗinki a baranda sai ta tsaya ta goga shi a gefen keke. Ta ce sabulun wanki ne, ta canza wani. Bai daina ba. Sai ƙuraje masu ruwa suka feso a kan yatsun nan uku da take shafawa da su, suka fashe, suka bar wurin ɗanye. In ta sa hannu a ruwan wanke-wanke sai ta cije leɓe. Na karɓi wanke-wanken. Warin man kuma yana tayar mata da zuciya. Tana fitowa daga ɗakin Mama banɗaki take wucewa kai tsaye.

Mama kuwa sauƙi ya fara samuwa. Facin bayanta suka dusashe, ƙaiƙayin ya lafa, ta fara barci. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce hannun yarinyar nan da albarka yake, ita ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ita. Anti takan sunkuyar da kai ta tura hannun cikin mayafi.

Wata rana da hantsi Anti na banɗaki tana amai, ga lokacin magani ya yi. Na buɗe firij na ɗauko mazubin na kai ɗakin Mama. Na ce Anti ba ta jin daɗi, yau ni zan shafa. Tun da ciwon ya kama ta ban ga Mama ta tashi zaune da sauri haka ba.

"Ajiye. Ajiye na ce. Je ki wanke hannunki da sabulu, har gwiwar hannu."

Mazubin kawai na taɓa, ko buɗewa ban yi ba. Na ajiye. Ina juyowa na ga Anti tsaye a bayana tana goge baki da bakin zani. Mama ta kwanta ta gyara filo, ta ce mata to bismillah, rana na yi.

Da yamma na zauna kusa da keken Anti. Ta daina iya zura zare, ni ke zura mata. Wasu 'yan riguna take haɗawa da ragowar yadin mutane, ƙanana kamar na 'yar tsana. Sifeto take kirana, wai idona ba ya barin komai ya wuce. Na yi ta juya maganar a baki har ta gaji ta ce, "Sifeto, faɗi abin da ke cin ki, kada ki haɗiye mini allura."

Na gaya mata abin da na ji a bakin ƙofa, duka. Ta tsayar da keken. Ta daɗe tana kallon rigar da ke ƙarƙashin allura. Sannan ta ce ai ita ma ba makauniya ba ce, tun kafin yau ta lura. Shi ya sa ta tambayi Yaya, ba sau ɗaya ba, ya ce mata likita ya ce in dai an wanke hannu ba komai. Mama ce kawai da tsoronta a kan autarta.

"Yayanki ba zai cuce ni ba. Ko ya cuce ni, ai ba zai cuci Manaja ba."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Na ji sanyi a raina, don abin da nake so in ji ke nan.

Amma washegari na ga ta naɗe wata farar leda ƙarama ta soke a ƙugu. Ta jira Mama ta kwanta ta juya fuska ga bango, sannan ta zaro ledar a hankali ta zura hannu. Ina riƙe da fitila, hasken na yawo a bango. Ta shafa kafaɗa ɗaya lafiya. Tana gangarowa tsakiyar baya ledar ta yi ƙara.

"Me nake ji?"

Mama ta miƙo hannu ta baya ba tare da ta juyo ba, ta damƙi hannun Anti, ta laluba. Ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Sakin hannun ta yi, ta ce ba komai, ta gode, Allah ya ba kowa 'ya'yan da za su yi masa jinya. Ranar ba ta ci abinci ba, ba ta sha maganin hawan jininta ba. Malama ta iso da la'asar, goyo a baya, ta tare Anti a kicin. Ta ce wace irin mace ce za ta sa wa uwar mijinta ledar cefane a jiki, kamar mai kwashe shara. Anti ta nuna mata hannun. Malama ta kalla daga nesa, ta ce wannan ai sanyin ciki ne, ita ma ta yi irinsa a cikinta na fari, a shafa man kaɗe... ta tsaya, ta ce a shafa kowane mai dai, zai wuce.

Yaya ya dawo ya tarar da gidan a dagule. Ya shiga wurin Mama ya daɗe. Da ya fito ko takalmi bai cire ba ya ce wa Anti ta je ta ba da haƙuri. Ya ce saura kaɗan ne, likita ya ce ana samun ci gaba, in aka tsaya yanzu duk wahalar ta tashi a banza. Ya ce shi yana tsakiya, ta tausaya masa. Anti ta je ta durƙusa. Mama ta yafe, ta ce ɗan yau ne sai haƙuri. Aka ɗumama mata abinci ta ci.

Daga ranar Mama ta daina juya fuska ga bango. Gefe take kwanciya da kai, tana kallon hannun.

Na ce wa Anti ta nuna hannun a wurin awo. Ta ce Mama ta riga ta ja mata kunne, maganar ciwon nan ba ta fita waje. Matan unguwa duk can suke awo, ɗaya ta ji kowa ya ji, kuma ga ni budurwa a gida, wa zai zo neman 'yar gidan da ake ciwon daji? Wato har da ni a cikin dalilan. Ta je awo ta dawo, hannu cikin mayafi. Ta ce sun auna ta, sun ce jininta ya yi ƙasa, ta rage aiki.

Ba ta rage ba. Fatar yatsun ta tsattsage, farce ɗaya ya fara ɗagowa. Ta mayar wa mutane ɗinkinsu ba ta gama ba. Da cokali take cin abinci, shi ma a hannun hagu. Rannan ta manta ta sosa ido kafin ta kai famfo, idon ya kumbura ya rufe, ta yini tana zuba masa ruwa. Mama ta ce ciwon ido ne ake yi a gari, ta nisanci Auta. Da lokacin magani ya yi, da ido ɗaya ta shafa. In mai ya shiga tsagar yatsun nan ba ta yin ƙara, ƙafarta ce kawai ke karkarwa a jikin gadon. Ni ke ganin ƙafar, don ni ce a tsaye.

Sau da yawa na bi Yaya har bakin mota da safe. Sai ya juyo ya ce, "Rediyo, an samu batir?" Sai in ce a dawo lafiya.

Ranar da abin ya faru da azahar ne. Anti ta fito daga ɗakin Mama ta nufi famfo. Ba ta kai ba ta dafa bango ta durƙusa. Ta kira ni da sunan da ba ta saba ba, ta ce, "Ƙanwata, zo." Na ga jini yana bin ƙafarta har cikin silifas.

Maƙwabcinmu ne ya kai mu asibiti, Yaya ya same mu can. Suka shiga da ita, aka bar ni in riƙe mata jaka a bakin gado. Nas ta zo sa mata ƙarin ruwa, ta ja hannun daga cikin mayafi, sai ta tsaya. Ta tambayi me ya ƙone ta haka. Anti ta ce sabulu. Nas ɗin ta ce ita ma tana wanki. Ta juyo ta kalle ni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce man ciwon daji take shafa wa uwar mijinta, kullum, ba safar hannu. Ta ce tun yaushe. Na ce tun cikin yana ƙarami. Ta fita da sauri ta dawo da likita.

Cikin bai tsaya ba. Namiji ne, in ji su.

Likitar mace ce, ba ta ɗaga murya ba. A baranda ta same mu. Ta ce ba za ta rantse cewa man ne ya jawo ba, ciki kan zube da dalilai da yawa. Amma wannan magani ba a taɓa shi da tsurar hannu, balle mai ciki, balle hannu mai rauni a buɗe, kuma duk inda ake ba da shi sai an faɗa. Yaya ya zauna a ƙasa, nan kan siminti, ya rufe fuska da hula. Kafaɗunsa na rawa. Yana ta cewa da ya sani, da ya sani. Na zauna kusa da shi. Na riƙe kalmar nan da hannu biyu.

Aka kwantar da Anti. Mu muka koma gida. Mama ta yi kuka sosai, kuka na gaskiya, ta ce jikanta ne, Allah bai yi zai taka ƙasa ba. Malama ta ce ai tun farko yarinyar ba ta da ƙwari, ga shegen son ɗinki, an ce ta huta ta ƙi. Maƙwabta suka shigo jaje, aka ce musu wahala ce ta yi mata yawa. Na tattara 'yan rigunan nan daga kan keke na sa a ƙasan akwatina, don kada ta dawo ta gani.

Washegari da hantsi lokacin magani ya yi, ba Anti. Mama ta ce bayanta ya fara ƙaiƙayi. Aka shiga kallon juna. Malama ta sauke goyonta ta miƙo mini, ta ce to ya za a yi. Yaya bai fita shago ba. Shi ya taka kujera ya sauko da kwalin safar daga saman sif, ya hure ƙurar. Na zuba wa Mama ido ina jiran hawaye, ina jiran maganar mushe. Ta kalli kwalin, ta kalli Malama, ta kwanta ta juya fuska ga bango.

Yaya ya tsaya bakin ƙofa, baya ga ɗakin, yana ba Malama umarni. Ta sa biyu, ɗaya kan ɗaya, tunda tana shayarwa. Ta matsa kaɗan, kada ya wuce kan facin. Kada ta kai hannu fuska. In ta gama ta zare safar ta ciki-waje, ta ƙulle a leda, kada ta jefa a kwandon kicin. Ta wanke hannu har gwiwa kafin ta karɓi yaron. A bar wurin ya sha iska kafin Mama ta sa riga. In ya taɓa fatarta ko ɗigo ne, ta sa a ƙarƙashin famfo ta daɗe. Bai yi gargada ba ko sau ɗaya. Yana faɗa yana lanƙwasa yatsu, kamar yadda mutum ke maimaita abin da aka tsayar da shi aka karanta masa.

Jiya likitar nan duk ba ta faɗi waɗannan ba. Ina wurin.

Yaya ya fita tsakar gida ya ɗauki kwandon abincin da za a kai wa Anti. Na bi shi, yaron Malama a kafaɗata. Ya buɗe mota ya sa kwandon, ya juyo ya gan ni. Idonsa jajaye. Ya yi ƙoƙarin murmushi, ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, sai ya fasa. Ya tsaya yana jira, yadda yake jirana kullum har in ƙarasa.

Na gyara wa yaron kai a kafaɗata.

"Yaya, ranar da aka kai Mama asibiti, wa ya karɓo man nan a tagar ba da magani?"

Makullin motar ya daina motsi a hannunsa.

"Da suka gaya maka duk wannan, me suka ce game da mai ciki?"